Saba a ofis, kwafi a gajimare: yadda kamfanonin Akra da Kumasi ke raba ajiyar bayanansu

Ranar Alhamis, 14 ga Maris na 2024, ana cikin makon farko na azumi, intanet ya durƙushe a Gana. Manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala kusan lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, kuma ta ce gyara zai ci aƙalla mako biyar. Kamfanin da ya kwashe lissafinsa kacokan ya kai gajimare, wato ma'ajiyar haya da ake isa gare ta ta intanet, ranar ya ɗanɗana kuɗarsa. Bayanan suna can Turai lafiya lau, amma mai karɓar kuɗi a Nima ko Asawase ba shi da hanyar isa gare su, ga mai saye a tsaye da kuɗi a hannu. Ba a cika shekara ba, ranar 2 ga Janairun 2025, gobara ta lashe kasuwar Kantamanto da ke Akra. Wuta irin wannan ba ta tantance dilar gwanjo da kwamfuta. Duk bayanin da kwafinsa ɗaya ne tal, kuma yana cikin shago, ya bi hayaƙi.

Ranakun nan biyu sun isa su nuna abin da ya sa kamfanoni ke riƙe hanya biyu a tare, ajiya a ofis da ajiya a gajimare. Ɗan kasuwa ai ya daɗe da sanin dabarar: kayan da za a sayar yau suna kan kanta, ragowar suna sito, kuɗin canji suna aljihun tebur, manyan kuɗi suna banki. Bayanai ma haka ake raba su. Inda gizo ke saƙar shi ne sanin wanne zai kwana a ina, da kuma yadda za a dawo da shi ranar da abu ya ɓaci.

Gajimare dai kwamfutocin wasu ne, irin su Amazon da Microsoft da Google, ana hayarsu ta intanet, ana biya gwargwadon abin da aka ajiye da abin da aka yi amfani da shi. Ma'ajiyar kamfani kuwa ita ce saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ofis, wadda ya saya da kuɗinsa, ko akwatin faifai da ake kira NAS, ko dai a ɗaki cikin ofis, ko a kabad ɗin da ya yi haya a wata cibiyar ajiyar bayanai. A Akra akwai irin waɗannan cibiyoyi, kamar ta Onix da ta PAIX da ta MainOne da ke Appolonia, inda wuta da sanyi da tsaro ke wuyansu, na'urar kuwa taka ce.

Nisa da faɗin layi

Babu ko ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan uku da ke da cikakken yankin gajimare a Gana. Microsoft ya buɗe nasa a Johannesburg da Cape Town a 2019, Amazon ya buɗe a Cape Town a 2020, Google ya biyo baya a Johannesburg a 2024. In ba can ba, sai Turai: Landan, Dublin, Frankfurt. Ko ta ina aka bi, sai an ratsa teku.

Nisan nan yana da farashi. Tsakanin kwamfuta da sabar da ke ɗaki na gaba, tambaya tana zuwa amsa ta dawo cikin ƙasa da milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Daga Akra zuwa Landan kuwa, kai-komon yana cin kusan milisakan 100, kuma babu kuɗin da zai rage shi sosai, domin haske ma a cikin wayar faiba kilomita dubu 200 yake yi a sakan. Mai duba imel ba zai ji komai ba. Amma tsohuwar manhajar lissafi ko ta sito, wadda aka gina ta don a yi aiki da ita a cikin ofis, kan aika wa rumbun bayanai tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kafin ta buɗe shafi guda. In tambayoyin 200 ne, a ofis ba a kai rabin sakan ba an gama. A Landan sakan 20 ke nan. Nan ne za ka ji mai kamfani yana cewa, "Ai layin ne ba shi da ƙarfi, a ƙaro mana." A ƙaro ɗin, a ninka kuɗin wata, jinkirin yana nan daram, saboda faɗin layi daban, tsawon hanya daban. Maganin shi ne manhaja da rumbun bayananta su zauna wuri ɗaya, ko duka a ofis ko duka a gajimare. Raba su tsakanin nahiyoyi biyu shi ne kuskuren.

Faɗin layi kuma lissafinsa a bayyane yake, sai dai mutane ba sa yi. Terabayit ɗaya daidai yake da megabit miliyan 8. A layin da ke tura megabit 20 a sakan, zai ɗauki sakan dubu 400, wato awa 111, kwana huɗu da rabi har da ɗoriya, in layin bai yanke ba, kuma babu mai amfani da shi sai kai. Terabayit huɗu kwana 18 ne da 'yan kai. A kula fa, lambar da ake tallatawa yawanci ta saukewa ce. Ta turawa takan yi ƙasa da ita, sai an auna. Shi ya sa kwafin farko ake barinsa ya yi ta tafiya da dare da ƙarshen mako, a ƙayyade masa rabonsa da rana don kada ya shaƙe ofis. Daga nan sai abin da ya canza kawai ake turawa. Gigabayit 20 a wancan layin awa biyu ne da kwata.

Wanne zai kwana a ina

A ɗauki misalin kamfanin dillancin shinkafa da mai da sukari, babban sitonsa a Aboabo cikin Kumasi, reshe a Nima, ma'aikata talatin. Rumbun bayanan ciniki da bashi da kaya bai wuce gigabayit 40 ba, amma shi ne ran kasuwancin; in ya tsaya awa ɗaya, motoci sun yi layi a ƙofar sito. Wannan a gida zai zauna, kusa da masu karɓar kuɗi, a riƙa tura kwafinsa gajimare duk awa. Reshen Nima ya shigo ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai kulle da ake shimfiɗawa a cikin intanet. In kamfanonin da ke ba wuraren biyu layi suna musayar zirga-zirga a cikin ƙasa, kamar ta mahaɗar GIX da ke Akra, saƙon ba ya bukatar fita teku kafin ya je Kumasi. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi wa mai sayar da layi tun kafin a sa hannu.

Imel da takardun da ake aiki a kansu tare, da shafin kamfani na intanet, waɗannan a bar wa gajimare. Riƙe sabar imel a ofis wahala ce da ƙaramin kamfani ba ya cin ribarta.

Kyamarorin tsaro su ne masu ci. Kyamara ɗaya mai fitar da megabit 4 a sakan tana cika gigabayit 43 a rana. Goma sha shida za su ci kusan gigabayit 690 a rana, kuma tura su kai tsaye zai bukaci megabit 64 dare da rana ba hutu. Don haka hotunansu a na'urar gida suke zama, kwana 14 ko 30, sabo ya hau kan tsoho. Guntun da aka ga sata ko rikici a cikinsa shi kaɗai ake yankewa a ɗora sama.

Sai tsofaffin rasitai da takardun kwastan da na haraji, waɗanda dokar tafiyar da haraji ta 2016 ta ce a adana aƙalla shekara shida. Da wuya a buɗe su, amma ranar da hukumar haraji ta GRA ta nema dole a fito da su. Wurinsu shi ne ma'ajiya mai sanyi ta gajimare, wadda za a zo kanta.

Kafin a yanke wa kowane kaso hukunci, tambaya biyu ake yi wa mai kamfanin, ba ma'aikacin kwamfuta ba: "Alhaji, aikin awa nawa za ka iya jure asararsa? Kuma awa nawa kasuwanci zai iya tsayawa kafin abin ya taɓa jari?" Amsar farko ita ke faɗin tazarar da za a sa tsakanin kwafi da kwafi. Ta biyu ita ke faɗin ko dole a ajiye kwafi na kusa, har da na'ura ta biyu a shirye.

Akwatin da ke ofis

Ga kamfani mai wannan girma, akwatin NAS mai ramin faifai huɗu ya wadatar, na Synology ko QNAP, ko saba da aka ɗora wa TrueNAS. Faifai huɗu masu terabayit 8 kowanne, in aka haɗa su da tsarin RAID 5, wato dabarar sa faifai su yi aiki tare suna rufa wa juna baya, za a samu terabayit 24, kuma faifai ɗaya zai iya mutuwa ba a rasa komai ba. Da RAID 6 za a samu 16 kacal, amma biyu za su iya mutuwa. Ga manyan faifai, na biyun ya fi kwanciyar hankali, ga kuma dalili. Idan faifai ya mutu aka sa sabo, akwatin zai karanta kowane lungu na ragowar ukun don ya sake gina abin da ya ɓata, aikin da kan ci yini guda ko fiye. Faifan nan kuwa rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha, shekarunsu ɗaya. A tsakiyar wannan wahala ne faifai na biyu ya fi faɗuwa, kuma a RAID 5 in ya faɗi, shi ke nan. Saboda haka ake so a sayi faifan daga dillalai biyu, a kuma ajiye guda a kwali, kada a tsaya jiran a kawo daga waje. A tabbata irin CMR ne da aka yi don aikin dare da rana, kamar IronWolf ko WD Red Plus. Irin SMR yana da araha, amma yana ja da baya ƙwarai lokacin sake gini. Kada kuma a tsorata in faifan terabayit 8 ya nuna 7.3 a allo, bambancin ƙidaya ne tsakanin masu ƙera faifai da kwamfuta.

Abin da ya fi kashe irin wannan akwati a nan shi ne wuta. Wanda ya rayu a shekarun dumso, lokacin yawan ɗauke wuta a Gana, ba ya bukatar dogon bayani. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya lalata rumbun bayanai, dawowarta da ƙarfi kuma ta ƙona na'ura. UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta, mai ƙarfin 1500 VA zai riƙe akwatin da rawuta da suwic, na'urorin da ke raba layi a ofis, na ɗan lokaci, wanda ya isa janareta ya tashi. Amma akwai wata 'yar wayar USB da ke zuwa a kwalin UPS, wadda sau da yawa za ka tarar da ita a naɗe cikin ledarta, ba a taɓa jona ta ba. Ita ce ke shaida wa akwatin cewa batir ya kusa ƙarewa, ya rufe fayilolinsa ya kashe kansa cikin tsari. In babu ita, aka ɗauke wuta da tsakar daren Asabar, UPS zai yi ta ƙara shi kaɗai har ya mutu, akwatin ya faɗi kamar ba a sayi komai ba. Batir ɗin ma yana tsufa: shekara uku zuwa biyar a ɗaki mai digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana kusan raba wannan biyu. A gwada shi duk wata shida, a zare fulogi a ga minti nawa zai yi.

Ɗakin saba ana son ya zauna tsakanin digiri 18 da 27. Da hunturu ƙura takan toshe fankokin akwati har zafin faifai ya haura 45, don haka a riƙa hure su. A ɗaga na'ura daga ƙasa, musamman a unguwannin Akra da ke gefen kogin Odaw, inda ambaliya ba baƙuwa ba ce. A kuma saita akwatin ya aiko da saƙo in faifai ya fara ciwo, zuwa adireshin da wani ke dubawa da gaske, domin jar fitila a ɗakin da ke kulle babu wanda take yi wa amfani.

Madubi daban, kwafin ko-ta-kwana daban

"Ai muna da RAID." "Ai komai yana Google Drive." Waɗannan jimloli biyu sun jawo asara mai yawa. RAID yana kare ka daga mutuwar faifai ne kaɗai. In ma'aikaci ya goge folda, nan take ta gogu a duka faifan. Foldar Drive ko OneDrive ko Dropbox kuwa madubi ce: abin da ya faru a kwamfuta, shi zai faru a sama cikin 'yan daƙiƙu, har da gogewa da lalacewa. Kwandon sharar Google Drive kwana 30 yake riƙe abu, na OneDrive ɗin kamfani kwana 93. In sai lokacin binciken ƙarshen shekara aka gano babu fayil, an yi ihu bayan hari. Kuma kada a kuskura a sa fayil ɗin manhajar lissafi, irin QuickBooks ko Tally, da ake aiki da shi a cikin irin wannan folda. Madubin zai ɗauki fayil ana tsakiyar rubuta shi, ko mutum biyu su buɗe a samu kwafi biyu masu saɓa wa juna. Rumbun bayanai da kayan aikinsa ake fitar da kwafinsa, sannan a tura abin da aka fitar.

Ƙa'idar da ma'aikatan wannan fanni ke bi ita ce ta 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya kuma a wani wuri mai nisa. A aikace, na farko shi ne wanda ake aiki da shi. Na biyu yana akwati na daban ko faifan da ake cirewa, daga shi ake dawo da abu cikin mintuna. Na uku yana gajimare, ko a reshen ɗaya birnin, tun da tsakanin Akra da Kumasi akwai kimanin kilomita 250, gobara ko ambaliya ɗaya ba za ta haɗa su ba. Gajimare shi ma gini ne da ke iya kamawa da wuta: a Maris na 2021 cibiyar OVH ta Strasbourg a Faransa ta ƙone, kuma akwai masu hayar da kwafinsu na ko-ta-kwana ke wuri ɗaya da na aiki, suka rasa duka.

Yanzu kuma an samu masu garkuwa da bayanai. Su shigo, su kulle fayiloli, su nemi kuɗin fansa, kuma kafin su kulle sai sun nemo kwafin ajiya sun goge. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa yawanci ita ce ƙofar da aka buɗe a rawuta don manaja ya riƙa leƙa fayil daga gida. A 2022 manhajar DeadBolt ta bi akwatunan NAS da ke buɗe ga intanet tana kulle su da dubbai. Ƙofa mai lamba 445 da 3389, waɗanda ake bi a kai ga fayiloli ko a sarrafa kwamfuta daga nesa, da shafin sarrafa akwati, babu wanda ya kamata a gani daga waje. Duk mai son shiga ya bi ta VPN. Kwafin gajimare kuma a sa masa makullin da ke hana gogewa har zuwa wa'adi, irin Object Lock na S3, ma'ajiyar gajimare ta Amazon, ta yadda ko wanda ya saci kalmar sirrin shugaba ba zai iya taɓa shi ba kafin kwanakin su cika. Asusun da ke tura kwafi ya zama daban da na aikin yau da kullum. A riƙe na kullum na kwana 30, na wata-wata na shekara guda, domin ɓarawo na iya shafe makonni a ciki kafin ya bayyana, kwafin jiya ma yana ɗauke da shi.

Kuɗi da doka

Gajimare da dala ake biyansa, ciniki kuwa da sidi ake yi. A 2022 dala ta tashi daga kusan sidi 6 a farkon shekara ta haura 13 kafin ƙarshenta, kuɗin hayar wata ya ninka ba tare da an ƙara fayil ko ɗaya ba. Farashin S3 na yau da kullum a yankin Amurka ya daɗe a kusan dala 23 kan kowane terabayit a wata, na Cape Town ya fi haka. Shigar da bayanai kyauta ne, fitarwa ce ke da kuɗi, kimanin senti 9 kan gigabayit. Terabayit biyar ke nan dala 115 duk wata, ranar da za a sauke su duka kuma kusan dala 450. Ma'ajiya mai sanyi, Glacier Deep Archive, kusan dala ɗaya ce kan terabayit a wata, amma da sharuɗɗa: ana jira awa 12 zuwa 48 kafin fayil ya fito, ana biyan kuɗin fito da shi, kuma abin da aka goge kafin kwana 180 sai an biya ragowar kwanakin. Ta dace da rasitan shekarun baya. Wanda ya zuba kwafin kullum a cikinta don neman araha, zai biya tara duk dare, ya kuma yi zaman jiran kwana guda ranar da yake cikin gaggawa. Na gida ma ba kyauta ba ne: kuɗin wuta da man janareta da na'urar sanyaya ɗaki, batir, sabunta faifai bayan kamar shekara biyar, da albashin mai kula.

Ta fuskar doka, Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa duk mai tattara bayanan mutane ya yi rajista da Hukumar Kare Bayanai, ya sabunta duk shekara biyu. Lambar wayar mai saye, hoton katin Gana na ma'aikaci, takardar albashi, duk suna ciki. Miƙa su ga kamfanin gajimare ba ya sauke nauyin daga kan mai su. Bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi kuma suna da ƙarin ƙa'idojin tsaro na Babban Bankin Gana. Shi ya sa ake kulle bayanai da mabuɗin sirri tun a ofis, kafin su hau layi. Manhajoji irin su restic da Veeam da Hyper Backup duk suna yin haka.

Sai dai mabuɗin nan takobi ne mai kaifi a hannun mai shi. In ya ɓace, babu kamfanin gajimaren da zai iya buɗe maka kwafin. Abin takaici, sau da yawa a cikin sabar da ake ƙoƙarin karewa ake ajiye shi, ko a kan yaro ɗaya mai kula da kwamfutoci, wanda gobe zai iya samun aiki a wani wuri ya tafi. A buga shi a takarda, kwafi biyu, a rufe a ambulan, ɗaya a akwatin ƙarfe na mai kamfani, ɗaya a wani gini. Asusun gajimare kuma a buɗe shi da imel ɗin kamfani da lambar wayar kamfani, ba na ma'aikaci ba.

Saura gwaji, wanda shi aka fi sakaci da shi. Manhaja za ta yi ta nuna koren tambari wata da watanni alhali foldar da ba ta da amfani take kwafa, saboda an sauya wa rumbun bayanai wuri ba a faɗa mata ba. Gani ya kori ji. Duk wata uku a ware wata Asabar, a ɗauko kwamfutar da babu komai a kanta, a ciro mabuɗi daga ambulan, a sauko da rumbun bayanai daga gajimare, a buɗe shi da manhajar lissafi. Akanta ya zauna ya duba cinikin ranar Alhamis da bashin manyan kwastomomi uku, ya gwada da abin da ke littafinsa. A sa agogo tun daga buɗe ambulan har zuwa buga rasit na farko. In Alhaji ya ce awa huɗu kasuwanci zai iya tsayawa, agogo kuma ya nuna awa sha ɗaya, to a ranar za a yanke ko a ƙara faɗin layi, ko a ajiye kwafi na kusa a reshen Nima.